KUTSE DA IZINI: DARASI A KAN TSARON KWAMFUTA

A zangon karatu na biyu, muna ɗakin kwamfuta muna koyar da yadda ake buɗe akwatin imel, sai wani ɗalibi daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaushe za a koya mana yadda ake shiga Facebook ɗin mutum ba tare da ya sani ba?" Aji ya fashe da dariya. Mu ma mun yi murmushi, amma mun lura cewa bayan dariyar kowa ya yi tsit yana jiran amsa. Ashe tambayar tana zuciyar kowa, shi dai ya riga su furtawa ne. A ranar mun ce masa ya zauna, lokaci bai yi ba. Da masu shirya wannan mujalla suka nemi mu ba da darasin bana, sai muka ga lokacin ya yi, musamman da yake iyaye da 'yan'uwa na ikilisiya su ma za su karanta.

Amsar a taƙaice ita ce ba za mu koyar da wannan ba. Amma akwai sana'a ta halal da ake yi da irin wannan ilimi, mutane suna ci da iyalinsu da ita, kuma ɗalibin sakandare yana iya fara koyonta.

Mai yanka makulli da ɓarawo

A kowace babbar kasuwa akwai mai yanka makulli. Idan mabuɗin shagonka ya ɓata, shi za ka kira, ya zo da 'yan ƙarafunansa, kafin ka gama gaisawa da maƙwabci ya buɗe kwaɗon. Ɓarawon da ke zuwa da tsakar dare shi ma ya san cikin kwaɗo kamar yadda mai yanka makulli ya sani, wataƙila ma a wurin mutum ɗaya suka koya. Abin da ya raba su shi ne wanda ya kira su. Ɗaya mai shago ne ya kira shi, ɗaya kuwa shi ya kira kansa.

Haka abin yake a duniyar kwamfuta. Wanda ya iya gano raunin na'ura ya shiga ta wurin, shi ake kira mai kutse, wasu marubuta kuma su ce ɗan dandatsa. Turawa sun raba su da launin hula, sun aro daga tsofaffin finafinan kaboyi na Amurka inda jarumi yakan sa farar hula, mugu kuma baƙa. A nan sai mu yi hankali, domin a Hausa farar hula yana nufin wanda ba soja ba, shi ya sa a wannan darasi za mu riƙa cewa "mai kutse da izini". Shi ne wanda banki, ko asibiti, ko ma'aikatar gwamnati takan ɗauka ta biya shi, ta ce ya gwada shiga na'urorinta kamar yadda ɓarawo zai yi, sa'an nan ya rubuta duk ƙofar da ya samu a buɗe domin a rufe. Ko Ma'aikatar Tsaron Amurka ta yi haka a 2016, ta gayyaci jama'a su gwada wasu shafukanta, aka gano rauni 138 na gaske, aka biya waɗanda suka gano.

Me ake tsarewa?

Masana sukan ce abubuwa uku ne. Bari mu ɗauki sakamakon jarrabawa da ke cikin kwamfutar ofishin makaranta. Na farko shi ne sirri, wato kada wanda bai kamata ba ya gani. Na biyu shi ne kada a taɓa bayanin, wato kada mai maki 38 ya wayi gari da 83. Na uku shi ne a same shi lokacin da ake bukata, domin idan ranar ba da hutu ta zo kwamfuta ta ƙi buɗewa, sirrin da aka tsare bai amfani kowa ba. Duk wani hari da za ku ji labarinsa, ɗaya daga cikin waɗannan ukun yake nema ya karya. Mutane sun fi tunawa da na farko, amma a ganinmu na biyu ya fi haɗari, gama wanda aka sace wa kaya yakan sani, wanda aka canza wa lissafi kuwa yana iya shekara bai gane ba.

Ta ina ake shiga?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagewar da ta fi kowace girma ba a cikin na'ura take ba, a jikin mai na'urar take.

A bara wata uwa a zumuntar mata ta sami kira daga wani mai murya mai ladabi. Ya kira ta da sunanta, ya ambaci sunan ƙungiyarsu ta WhatsApp, ya ce za a yi taron addu'a ta waya da yamma, an aiko mata da lamba shida ta shiga taron, ta karanto masa. Ta karanta. Cikin minti kaɗan WhatsApp ɗinta ya bar wayarta ya koma tasa. Kafin dare ya aika wa 'yan ƙungiya saƙo da sunanta da hotonta, wai ɗanta yana asibiti, a taimaka da kuɗi. Mutum uku sun tura. Ku lura, wannan mutum bai fasa komai ba. Lambar nan shida ita ce WhatsApp yake aikowa domin ya tabbatar cewa mai layin ne yake son buɗe asusun a sabuwar waya. Shi ya nemi a buɗe, ita aka aiko wa mabuɗin, ya roƙa, ta ba shi da hannunta.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Kevin Mitnick, wanda aka kama a Amurka a 1995 ya yi shekara biyar a tsare, ya yi suna ne wajen buga wa ma'aikatan kamfanoni waya, ya yi kamar shi abokin aikinsu ne, har su faɗa masa abin da yake nema. Bayan fitowarsa a 2000 ya koma ba kamfanoni shawara a kan tsaro har rasuwarsa a 2023. Saƙon da ke cewa an rufe asusunka na banki, ka aiko da BVN da lambar katinka, ɗan gidan wannan dabara ne. Babu bankin da zai nemi lambar sirrinka ta waya. Maganin abin da ya sami uwar nan kuwa yana cikin WhatsApp ɗin kansa: akwai wurin da mutum zai sa wata lambar sirri ta biyu wadda shi kaɗai ya sani, ta yadda ko an karɓi ta farko ba za a wuce ba.

Tsagewa ta biyu ita ce kalmar sirri, a nan kuma sai mu gayyaci malamin lissafi. Lambar katin banki mai lamba huɗu tana da hanyoyi 10,000 kacal, daga 0000 zuwa 9999. Abin da ke tsare ta shi ne na'urar cire kuɗi takan hana ka bayan ka yi kuskure sau uku. Kalmar sirri mai ƙananan haruffa takwas na Turanci kuwa, 26 za a ninka da kansa sau takwas, ya ba da sama da biliyan 208. Ga ɗan'adam wannan adadi ne mai ban tsoro, amma ga kwamfuta mai ƙarfi, idan ɓarawo ya riga ya kwashe rumbun bayanai ya kai gida inda babu mai hana shi gwaji, ba wani abu ba ne. Ƙara haruffa huɗu kawai, su zama goma sha biyu, aikin ya ninku sau 456,976. Saboda haka tsawo ya fi ado. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, na Hausa ko na yarenku na gida, sun fi gajeriyar kalma da aka cika da alamomi har mai ita ya kasa tunawa.

Amma yawancin mutane ba sa ma sa ɓarawo ya yi lissafi. A 2019 hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta duba asusun da aka taɓa fasawa a duniya, ta tarar sama da miliyan 23 suna amfani da 123456. A wurinmu kuma an fi son shekarar haihuwa, sunan ɗan fari, ko lambar waya. Wanda ya san ka rabin sani ya riga ya san waɗannan.

Ɗalibai sukan tambaya, to ai kamfanin yana da kalmar sirrina a ajiye, idan aka fasa shi fa? Kamfanin da ya san aikinsa ba ya ajiye kalmar kanta. Yakan niƙa ta da wani lissafi, ya ajiye garin. Ana iya mai da dawa gari, amma ba a iya mai da gari dawa. Duk lokacin da ka rubuta kalmarka, sai a sake niƙawa a gwada da garin da ke ajiye, idan sun yi daidai a buɗe maka. Kafin niƙan ma akan barbaɗa wa kalmar kowane mutum wasu haruffa na dabam, masana suna kiransu gishiri, domin kada mutum biyu masu kalma ɗaya su fito da gari iri ɗaya. Sai dai ba kowane kamfani ne ya san aikinsa ba, shi ya sa ba a amfani da kalma ɗaya a wurare biyu.

Tsagewa ta uku tana cikin manhaja. Mutane ne suke rubuta manhaja, kuma sukan yi kuskure. Wani tsohon kuskure da har yanzu ake samu a shafukan intanet yana kama da wannan: a ce akawu yana da umarni cewa duk sunan da aka rubuta a takarda ya ɗauko fayil ɗin mai sunan. Sai wani ya rubuta, "Audu, kuma ka haɗo da na kowa da kowa." Akawu mai hankali zai ce wannan ba suna ba ne. Manhajar da ba a rubuta da kyau ba takan ɗauki rabin na biyu a matsayin umarni, ta kwaso rumbun bayanai gaba ɗaya ta miƙa.

Idan aka gano irin wannan kuskure, kamfani yakan fitar da faci, wato saƙon nan na "sabunta" da muke turewa gefe saboda tsadar data. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da facin wani rauni a Windows. Mutane da ma'aikatu da yawa ba su sa ba. Ranar 12 ga Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan rauni, ta kulle bayanan kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa dala 300 a kan kowace. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke alƙawuran ganin likita kimanin 19,000, wasu suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Maganin yana nan wata biyu kafin cutar.

Yadda mai izini yake aiki

Kafin ya taɓa komai, sai an rubuta yarjejeniya. A cikinta za a faɗi na'urorin da aka yarda ya gwada da waɗanda ba a yarda ba, daga wace rana zuwa wace rana, da wanda za a kira idan wani abu ya lalace. Daga nan sai ya tattara abin da kowa zai iya gani game da ma'aikatar, sa'an nan ya ƙwanƙwasa ƙofofi. Kowace kwamfuta da ke kan hanyar sadarwa tana da ƙofofi masu lamba, har zuwa 65,535. Shafukan intanet sukan saurara a ƙofa ta 80 da ta 443, mai kula da na'ura daga nesa yakan shiga ta 22. Akwai manhajar kyauta mai suna Nmap, wadda ta fito tun 1997, da ke nuna ƙofofin da suke buɗe da abin da ke bayansu. Idan ya sami rauni, yakan shiga daidai gwargwadon da zai tabbatar raunin na gaske ne, ya tsaya. Ba ya karanta wasiƙun mutane don ya ga dama.

Sashen ƙarshe shi ne wanda finafinai ba sa nunawa, wato rubuta rahoto. Me aka samu, yaya girman haɗarinsa, yaya za a gyara, a cikin harshen da shugaban ma'aikata zai fahimta. Abin da ake biyansa dominsa ke nan. Ɗalibin da yake gudun darasin rubutun insha'i ya san da wannan tun yanzu.

Mun daɗe a kan maganar izini domin kyakkyawar niyya ba ta maye gurbinsa. A watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell a Amurka, Robert Morris, ya saki wata 'yar manhaja mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Bai yi nufin sata ba, amma ya yi kuskure a lissafinsa, manhajar ta riƙa kwafar kanta a na'ura ɗaya sau da yawa har na'urorin suka tsaya. An ƙiyasta ta taɓa kwamfuta kimanin 6,000, a lokacin da duk intanet bai wuce wajen 60,000 ba. Kotu ta same shi da laifi a 1990, aka ci shi tarar sama da dala 10,000, da aikin al'umma na awa 400, da shekara uku a ƙarƙashin sa ido.

Ko izinin ma sai an tabbatar daga hannun mai abu ya fito. A 2019 hukumar kotunan jihar Iowa ta ɗauki wasu ƙwararru biyu su gwada tsaron gine-ginen kotu. Suka shiga wani gini da dare, ƙararrawa ta yi kuka, jami'an tsaro suka zo. Suka nuna takardarsu, amma shugaban 'yan sandan yankin ya ce ginin na gunduma ne, ba na jiha ba, wanda ya ba su izini ba shi da ikon bayarwa. A kulle suka kwana, kuma sai a farkon 2020 aka janye tuhumar. Idan haka ta sami masu takarda a aljihu, ina ga yaron da hujjarsa ita ce "gwadawa kawai nake yi"?

Akwai labari ɗaya da muke so ɗaliban aji na ƙarshe su riƙe. Wanda ya dakatar da WannaCry wani saurayi ne ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, yana aiki daga ɗakinsa a gidan iyayensa. Da ya binciki manhajar, sai ya ga tana neman wani adireshin intanet da babu mai shi. Ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, ashe wannan ne makashinta, yaɗuwar ta tsaya. Duniya ta yaba masa. Bayan wata uku, a watan Agusta, aka kama shi a Las Vegas, saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya rubuta shekarun baya, kafin ya gyara hanyarsa. Ya amsa laifinsa a 2019. Alƙali ya dubi alherin da ya yi daga baya bai mai da shi kurkuku ba, amma ya yi kusan shekara biyu a ƙasar da ba tasa ba yana jiran hukunci.

A Nijeriya muna da Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ta tanadi ɗauri da tara a kan shiga na'urar wani don zamba, da amfani da sunan wani a intanet, da yaɗa ƙwayar cutar kwamfuta. Ba sai mun ɓoye ba, dukanmu mun san samarin da ake kira 'yan yahoo, mun ga motocinsu, mun kuma ga hotunansu a jarida bayan EFCC ta kama su. Mafi yawansu ba su san komai game da kwamfuta ba, ƙarya kawai suka iya. Abin da ya fi damunmu shi ne yaro mai kai, wanda ya iya na'ura, shi sukan nema su ce ya yi musu "ɗan aiki". Sana'ar tsaro kuwa a kan amana take tafiya. Bankin da zai miƙa wa mutum mabuɗan gidansa sai ya binciki tarihinsa tukuna.

Ina za a fara?

Ba da kayan kutse ake farawa ba. Wanda ya sauke Kali Linux, wato babbar manhajar da ke ɗauke da ɗaruruwan kayan gwajin tsaro, alhali bai san yadda kwamfuta biyu suke magana da juna ba, kamar yaron da aka ba akwatin kayan makanike ne bai taɓa buɗe inji ba. A fara da sanin Linux da ba da umarni a rubuce. A koyi yadda saƙo yake tafiya a hanyar sadarwa: mene ne adireshin na'ura, yaya sunan shafi yake komawa lamba. A koyi harshen rubuta manhaja guda ɗaya, mu Python muke ba da shawara saboda sauƙinsa. Turanci ma dole ne, domin kusan duk littattafan fannin da shi aka rubuta.

Wurin gwaji kuma akwai shi na halal. Da manhajar VirtualBox mutum yana iya gina kwamfuta ta biyu a cikin tasa, ya sa mata wata manhaja kamar Metasploitable, wadda da gangan aka cika ta da rauni domin masu koyo. Duk abin da ya fasa a can nasa ne. Jami'ar Carnegie Mellon tana da gasa ta kyauta mai suna picoCTF, tun 2013, an shirya ta ne musamman don 'yan sakandare, kuma tsofaffin tambayoyinta suna nan a buɗe duk shekara. Akwai kuma wasan Bandit na shafin OverTheWire, mai matakai sama da 30, inda kalmar sirrin kowane mataki take ɓoye a matakin da ya gabace shi. Takardun shaida irin su Security+ da CEH da OSCP suna nan gaba, suna da tsada, ba na yanzu ba ne.

Mun san ba kowane gida ne yake da kwamfuta ba, wuta ma ba kullum ba. Ɗakin kwamfuta na makaranta zai kasance a buɗe ga masu so bayan tashi, bisa sharaɗi ɗaya wanda ɗalibi da mahaifinsa ko mai riƙonsa za su sa wa hannu: ba za a gwada komai a kan na'urar ofis, ko wayar wani, ko shafin da ba a gina don gwaji ba.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi ya zauna da mahaifiyarsa, ko mahaifinsa, ko wani dattijo a gida, ya nemi izini tukuna, sa'an nan su duba wayar tare. A sa lamba ta biyu a WhatsApp, mai wayar ne zai zaɓa ya danna da kansa, ɗalibi ya kau da kai. A duba ko akwai sabuntawa da ke jira. A tambaya ko an sa wa layin waya lambar sirri, domin wanda ya tsinci layi marar kulle yana iya kaiwa ga asusun banki. Sa'an nan ɗalibi ya rubuta rahoto na shafi ɗaya: abin da ya samu, haɗarinsa, da abin da aka gyara. Kada a rubuta kalmar sirrin kowa a ciki. Za mu karɓa a makon farko na sabon zango, kuma ɗalibinmu na bencin baya shi zai fara karanta nasa a gaban aji.